KAFIN A CE KWANA NE YA ƘARE, WA YA MIƘA WA YARON MAKULLI?

Wannan shi ne jawabin da wani malami, wanda kuma injiniya ne da ya daɗe a aikin hanyoyi, ya gabatar a wani zama da aka yi da iyaye da matasa gab da bukukuwan Sallah, a kan yawan rayukan da ke salwanta a hannun yaran da ba su goge da tuƙi ba. A sha karatu lafiya.

Bayan hamdala da salati, malamin ya fara da cewa duk mai zuwa jana'iza da zaman makoki ya san maganar da ake yi idan yaro ya mutu a mota, ko kuma ya kashe wani da ita. Za ka ji ana cewa kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ya ce wannan magana gaskiya ce, ba wanda zai mutu kafin ajalinsa, kuma ba wanda ke da hankali da zai je gaban uwar da aka fita da gawar ɗanta ya kama yi mata lissafin laifi. To amma matsalar ita ce, maganar da aka tanada don sanyaya zuciyar mai makoki sai aka fito da ita daga zaman makoki aka mai da ita amsar kowace tambaya. Da an ce kwana ne ya ƙare, shi ke nan an rufe baki, ba mai tambayar shekarun yaron nawa, da ƙarfe nawa abin ya faru, su nawa ne a motar, wa ya ba shi ita. Mako na zagayowa sai wani uban a layin baya ya miƙa wa nasa ɗan makulli.

Ya tunatar da 'yan uwa abin da ya faru lokacin da Halifa Umar ya kama hanyar Sham, aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara ya juya da jama'arsa. Wasu suka ga kamar gudun ƙaddara ne, shi kuwa ya nuna masu cewa juyawar ma a cikin ƙaddarar Allah (T) take. Malamin ya ce ashe ke nan neman sanin sababi da kauce masa ba raunin imani ba ne. Kuma sababan wannan mutuwar da ake magana a kanta sanannu ne, an bi su an ƙirga, har ma ana iya faɗa wa mutum irin daren da ya fi haɗari ga ɗansa tun kafin daren ya zo.

Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a ƙarshen 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyin duniya a shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, ya wuce kowace cuta. Maza sun ninka mata kusan sau uku a cikin masu mutuwar. In aka auna da yawan jama'a kuwa, Afirka ce ta fi kowane yanki asara. A Amurka, inda suke lissafin nisan tafiyar da kowane rukuni na direbobi ke yi, sun gano cewa masu shekara 16 zuwa 19 suna shiga haɗarin da ake rasa rai kusan ninki uku na waɗanda suka kai 20 zuwa sama, in an kwatanta su a kan tafiya mai tsawo ɗaya.

Ya ce kada wani ya ce me ya haɗa mu da lissafin Turawa. Dalilin ɗauko shi shi ne su suna rubuta kowace gawa da yadda aka yi ta zama gawa, a nan kuwa yaro zai mutu da hantsi a kan hanyar ƙauye, kafin la'asar an rufe shi, ba takardar da ta san da shi. Yaro kuma yaro ne ko a ina. In har haka abin yake a ƙasar da titinta ke da fenti da fitilu da motar asibiti, to mai hankali ya auna yadda zai kasance a inda shanu da tirela da ɗan acaɓa da mai tallar rake duk suke kan kwalta ɗaya.

JAN MOTA DABAN, TUƘI DABAN

Malamin ya ce babban abin da ke ruɗin iyaye shi ne saurin da yaro ke yi wajen koyon aikin hannu. A kai shi filin idi ko filin ƙwallo, cikin mako ɗaya ya san kuloci, ya san giya, ya iya ribas ya shigar da mota gareji ba tare da ya goge ƙofa ba. Uba yana tsaye yana kallo, sai ya ce ai yaron nan ya fi ni hannu. Kuma mai yiwuwa ya fi shi hannun da gaske, don idonsa ya fi kaifi, jikinsa ya fi sauri. Amma wannan jan mota ne. Tuƙi kuwa aikin ido ne da hange, wato mutum ya gane abin da zai faru tun bai faru ba, kuma wannan ba a koyonsa a filin idi, domin filin idi ba ya ba mutum mamaki.

Ya kawo wani bincike da aka yi a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka a 1972, inda aka sa wa direbobi na'urar da ke bin inda ƙwayar idonsu ke kallo. Sai aka ga sabon direba yana kafe idonsa a ɗan abin da ke gaban hancin motarsa, ba ya cika leƙa madubi, alhali gogaggen direba yana jefa idonsa can nesa, yana zagaya shi dama da hagu. Ya ce wannan shi ne bambancin, kuma duk tsohon direba ya san shi ko da bai san sunansa ba. In ya ga ƙwallo ta gangaro titi, ƙafarsa ta riga ta bar totur, don ya san akwai yaro a bayanta. In akuya ɗaya ta tsallaka, ya san ta biyu na tafe. In ya hangi mutum tsaye a bakin hanya kuma ga mai A Daidaita Sahu a gabansa, ya san yanzu zai karya ba sigina. In ya ga ganyen maina an zuba a kan kwalta, ya san babbar mota ta mutu a gaba. Sabon direba duk yana ganin waɗannan abubuwa da idonsa, amma ba su ce masa komai, sai abin ya fito fili sannan ya nemi birki, a lokacin kuwa fili ya ƙare.

Ya ce akwai wani abin lura kuma da aka gano a lardin Noba Skoshiya na Kanada, a wani bincike da aka buga a 2003. Lokacin da yaro ke koyo da babba a gefensa, haɗari kaɗan ne ƙwarai. Ranar da aka sake shi shi kaɗai sai abin ya yi sama, watan farko ya fi kowanne muni, sannan ya riƙa sauka a cikin kamar wata shida na farko. Wato lokacin da uba ya ce ya iya, ya juya baya ya huta, shi ne daidai lokacin da ya fi kamata ya buɗe ido.

Daga nan sai ya yi bayanin yadda mota ke ƙwacewa, abin da ya ce ya sha ganin sawunsa a kan hanya. Gefen kwaltar hanyoyi da yawa ruwa ya cinye shi, ya bar gaɓa. Yaro yana tafe da gudu, hankalinsa ya ɗan gushe, sai tayar dama ta faɗa ƙasa. Gogaggen direba zai riƙe sitiyari da kyau, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya bar motar ta rage gudu a gefen, sannan ya hau kwalta a hankali. Yaro kuwa firgita zai yi, ya fizgi sitiyari hagu da ƙarfi ya danna birki a lokaci ɗaya. Tayar na kama gaɓar sai motar ta yi tsalle ta tsallaka hannun masu tahowa, ko ta kama katantanwa ta ɓuge da adungure. Haka abin yake in taya ta fashe. Sau da yawa fashewar tayar da kanta ba ta isa ta kifar da mota ba, birkin da aka taka cikin firgici shi ke ƙarasa ta. Washegari sai a ce taya ce ta fashe, a ɗora wa taya, a manta da ƙafar da ta taka birkin.

LISSAFIN GUDU

A kan gudu, malamin ya ce yana so 'yan uwa su riƙe ɗan lissafi kaɗan, don yaro yana ɗauka cewa in ya ninka gudu haɗarin ma ninki biyu ne, alhali ninki huɗu ne. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta isa birki ana iya cin daƙiƙa ɗaya da rabi, wato mita 42 sun tafi motar ba ta rage komai ba. Sannan birki ya kama, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, yana bukatar wasu mita 55 ko fiye. Jimilla kusan mita 100, tsawon filin ƙwallo ke nan. A gudun 50 kuwa duka-duka mita 35 ne. Kuma karo a gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar bene hawa uku, a gudun 100 kuwa kusan mita 40 ne. Ya ce ba uwar da za ta bar ɗanta ya yi wasa a bakin rufin bene hawa goma, amma ga shi tana daga ɗaki tana jin ƙarar tayarsa a layi tana cewa ƙuruciya ce.

Ya ce ƙa'idar gudu a Nijeriya ga ƙaramar mota ita ce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Amma a wurin yara abin alfahari shi ne a ce wane ya ƙure maleji tsakanin Zariya da Kano, a zauna a majalisa ana faɗin mintuna nawa ya yi.

Inda gudu da rashin hange suka fi haɗuwa, in ji shi, shi ne wurin shan gaban babbar mota a hanya mai hannu ɗaya. Ɗauki tirela tana tafiyar 60, yaro ya fito zai wuce ta da 90. Kafin ya bar bayanta, ya shafe tsawonta, ya samu wurin komawa hannunsa, sai ya yi kamar daƙiƙa bakwai a hannun da ba nasa ba. A cikin wannan lokaci shi ya ci mita 175, mai tahowa da gudun 100 shi ma ya ci kusan 200. Ke nan sai yana da fili na kusan mita 400 wanda ba kwana ba tudu kafin ya fito. Idon ɗan Adam kuwa ba shi da kyau wajen auna gudun abin da ke tahowa kai tsaye, mota tana nesa tana nesa, sai kawai ka gan ta a kanka. Tsohon direba ya tsorata sau da yawa har ya koyi haƙuri a bayan tirela. Yaro bai taɓa tsorata ba, kuma taho-mu-gama ba ta cika ba mutum damar koyo karo na biyu ba.

ABOKAI A KUJERAR BAYA

Malamin ya daɗe a kan wannan gaɓa, yana mai cewa ita ce iyaye suka fi jahilta. Uba zai ce ai na zauna a gefensa har Kaduna, yaron nan yana da natsuwa. Ya ce gaskiya ne, amma yaron da ka zauna a gefensa ba shi ne yaron da abokansa ke zama a gefensa ba. Wata gidauniyar kiyaye haɗurra ta ƙungiyar masu motoci ta Amurka ta fitar da lissafi a 2012 a kan direbobi masu shekara 16 da 17. In yaro ya ɗauki sa'ansa ɗaya, haɗarin ya mutu a tafiyar yana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari. In biyu ne ya ninka. In uku ne ko fiye, ninki huɗu. In kuwa wanda ke gefensa babba ne mai shekara 35 zuwa sama, haɗarin yana raguwa da kashi 62 cikin ɗari. Mota ɗaya, hanya ɗaya, yaro ɗaya, abin da ya canja kawai su wa ke zaune a ciki.

Ya ce masana halayyar ɗan Adam a Jami'ar Temple da ke Filadelfiya sun gwada wannan a 2005 da wani wasan tuƙi na kwamfuta, inda mutum zai zaɓi ya tsaya ko ya kutsa in fitila ta nuna ruwan ɗorawa. Manya, ko su kaɗai ne ko da abokansu, kusan yadda suke yi bai canja ba. Yara kuwa da an kawo abokansu suna kallo sai kasadarsu ta ƙaru sosai. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma sun ce sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki ya sa shi auna ƙarshen abu, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sashen da ke son burgewa da jin daɗi ya farka tun farkon balaga. Malamin ya ce wannan ba zagin yara ba ne, haka aka halicce su, kuma duk dattijon da ke zaune a wurin ya bi ta nan. Bambancin kawai shi ne da yawansu a lokacin keke suka samu.

To in haka abin yake da abokai uku, ya ce, sai a auna ranar ɗaurin aure ko kai amarya, ko yammacin Sallah, ko ranar da aka gama jarrabawar fita sakandare. Motoci goma a jere, kowacce cike da yara, wasu sun fito da rabin jikinsu ta taga, wasu a kan but, 'yammata na guɗa, ga wayoyi a sama ana ɗaukar bidiyo don a ɗora a TikTok. A nan ake wasan mota, a ja birkin hannu a juya ta a tsakiyar titi, ƙura ta tashi, 'yan kallo su yi ihu. Kuma mafi yawan lokaci wanda ake kwasa a ƙasa ba ya cikin bikin ma. Almajiri ne da ya tsaya kallo, ko yarinya mai tallar gyaɗa, ko tsoho da ke dawowa daga masallaci. Ya ce abin takaicin shi ne wannan ba a ɓoye ake yin sa ba, manyan unguwa suna zaune a kan tabarma suna gani, motocin kuma kowa ya san gidan da suka fito.

Waya ma, in ji shi, ta zama abokin da ba ya sauka. Mai amfani da waya yana tuƙi ya ninka haɗarinsa kusan sau huɗu. Karanta saƙo na daƙiƙa biyar a gudun 100 yana nufin mota ta yi mita 140 ba mai kallon hanya.

A kan dare kuwa ya ce ƙaramar fitilar mota ba ta haska nisan mita 100 ɗin da ake bukata don tsayawa, ke nan mai gudun 100 da dare duk abin da fitilarsa ta nuna masa ya riga ya makara a kansa, balle a ce hazon hunturu ya sauka, ko mai tahowa ya dalle shi da babbar fitila. Ga barci kuma. Wani bincike a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu hankalinsa yana raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Yaron da ya kwana a wurin biki ko kallon ƙwallo, ko wanda ya kwana ido biyu da azumi ya ɗauki mota bayan sahur, yana cikin wannan hali ko da bai taɓa kusantar kayan maye ba. Su kuma kayan mayen ba wanda bai san sun shigo gidaje ba. Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma har yau ana kama tiramol da ire-irenta, kuma mai shan su ji yake ya fi kowa gani da sauri alhali ya fi kowa makara.

Bel kuwa, wanda aka fara tilasta ɗaura shi a ƙasar nan tun 2003, yana rage mutuwar na kujerar gaba da kusan rabi. Yara sun mai da shi abin kunya, sai an hangi jami'ai a ja shi a riƙe da hannu. A motar da ta yi adungure, wanda ba shi da bel ta taga yake fita, sau da yawa motar ce ke bi ta kansa. Sannan a duba irin motar da ake ba yaro. Mai kyau ta Alhaji ce, shi kuwa a bar masa tsohuwar da tayoyinta suka suɗe, birkinta sai an buga sau biyu, wai ko ya buga ta ba asara.

HANNUN DA YA MIƘA MAKULLI

Malamin ya ce in an tattara duk wannan za a ga abu ɗaya: yaro ɗan shekara 15 ba shi da mota, ba ya sayen mai, ba shi da makulli. Wani babba ne ya miƙa masa, ko ya ajiye inda zai ɗauka ya kau da kai. Akwai uban da ke jin daɗi a ce ɗansa na aji uku ya iya mota. Akwai uwar da direba bai zo ba, sai ta ce maza ɗauki mota ka kai ƙannenka Islamiyya, ta zuba masa 'ya'yanta huɗu a baya. Akwai mai gareji da ke barin yaransa su fita gwaji da motar mutane, da mai wurin wankin mota da ake bar wa makulli. Akwai direban babbar mota da barci ya kama, maimakon ya faka sai ya ba yaron motarsa sitiyari da tsakar dare da lodin tan talatin a baya. Akwai mai Keke Napep da ke ba yaro haya don yaro ba ya musu a kan balas.

Dokar ƙasa ta ce sai mai shekara 18 ake ba lasisi, bayan ya bi ta makarantar koyon tuƙi an gwada shi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon kama wanda bai kai ba. Amma ya ce kowa ya san yadda ake yi. A ƙara wa yaro shekaru a takarda, a kawo masa lasisi har gida bai taɓa zama gaban mai gwaji ba. In jami'i ya tare shi, kafin a kai ofis waya ta riga ta iso, ɗan wane ne, a yi haƙuri. Ya ce uban da ya buga wannan waya yana ganin ya fitar da ɗansa daga wulaƙanci, alhali ya cire shinge na ƙarshe ne da ke tsakanin yaron da kabari.

Ya ja hankali cewa a shari'a ran da ya tafi ta wannan hanya ba ya tafiya a banza don kawai ba da gangan aka yi ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi hukuncin kisan kuskure: akwai diyya da za a miƙa wa magada sai in sun yafe, akwai kuma kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Diyyar kuwa raƙumi 100 ce ko dinari 1,000 na zinari, kuma dangin mai laifi ta wajen uba ne ke haɗa ta. Ya ce a lura da hikimar wannan, dangi gaba ɗaya aka ɗora wa nauyin, domin su ne ke da ikon riƙe hannun nasu tun kafin ya yi ɓarna. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin ƙa'idojin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin abin da ya jawo sai in abu ne da ya fi ƙarfinsa wanda ba yadda zai kauce masa. A nan kuwa, in ji shi, abin da aka saba shi ne a tura dattawa da buhun shinkafa gidan mamaci, talaka ya ji kunya ya ce ya yafe, bayan sadakar bakwai a gyara motar a mayar wa yaron.

Game da mafita, ya ce ƙasar Niyu Zilan ta fara wani tsari a 1987, lardin Ontariyo na Kanada ya bi a 1994, jihar Fulorida a 1996, daga baya sauran jihohin Amurka, kuma mutuwar yara direbobi ta ragu a inda aka bi shi. Tsarin shi ne ba a sakar wa sabon direba hanya gaba ɗaya rana ɗaya. Da farko sai da babba a gefensa na tsawon watanni. Sannan ya tuƙa shi kaɗai amma ban da dare, ban da ɗaukar sa'o'insa. Sai ya wuce wannan ba laifi sannan a ba shi cikakken lasisi. Malamin ya ce wannan ba abin da sai an jira majalisa ba ne, kowane mai gida zai iya kafa shi a gidansa yau. Yaro ya kai 18 tukuna. Uba ko wa ya zauna a gefensa a cikin kasuwa, a shataletale, a ruwan sama, a bayan tirela, yana tambayarsa me ka hango, me mai babur ɗin can zai yi. In an sake shi, wata shidan farko ba fita bayan isha'i, ba babbar hanya, ba abokai, makulli kuma ya kwana a ɗakin mai gida. Masu unguwa da limamai kuma su gaya wa mai biki tun ranar sa rana cewa ba za a yi wasan mota a layin ba.

A lokacin tambayoyi wani dattijo ya ce shi yana ganin gara a koya wa yaro tun yana ƙarami, don in ba a koya masa ba zai sata ya fita, kuma da ya fita bai iya ba gara ya fita ya iya. Malamin ya amsa masa da cewa Baba ya faɗi abin da ke zuciyar iyaye da yawa, amma yaron da bai san kuloci ba ba ya satar mota, wanda aka koya wa rabi shi ke sata, don shi ne yake jin ya iya. Ya ce in har yaro ya riga ya koya, to a kira shi a gaya masa gaskiyar abin da ya rage masa, a ba shi lokacin da zai tuƙa da babba a gefe don ƙishirwar ta ragu, a kuma daina barin makulli a kan talabijin.

Wani matashi kuma ya tambayi abin da ya kamata a yi in an riski haɗari. Malamin ya ce a fara da tsayar da motoci masu tahowa tun daga nesa don kada na biyu ya auku, a kashe injin, a kira lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, kyauta ce. Kada a fizgo mutum ta hannu ko ta ƙafa sai in wuta ake tsoro, domin wanda ƙashin wuyansa ya tsage ana iya ƙarasa shi wurin ɗauka, a tallafe kai da wuya su tafi daidai da jiki. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Ya ƙara da cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, saboda haka a wuce da shi asibiti mafi kusa kai tsaye, maganar takardar 'yan sanda ta biyo baya.